Wafarin, sababbin ƙwayoyi ko allura: wane maganin tsinka jini zai fi karɓar majinyacinku?

Akwai abin da ake yawan gani a bakin tagar sayar da magani ta asibiti. Mutum ya fito daga wurin likitan zuciya da takarda a hannu, mahaifiyarsa na zaune a benci ta jingina da sanda. An ce zuciyarta ba ta bugawa bisa tsari, dole ta fara shan maganin tsinka jini don kada ɓarin jikinta ya shanye. Likita ya ba shi zaɓi biyu: tsohon magani mai araha wanda sai an riƙa gwada jini a kai a kai, ko sabo mai tsada da ba ruwansa da wannan gwajin. Ya tambayi kuɗin na farko, ya yi murmushi. Ya tambayi na biyu, ya ture hula baya ya sosa ƙeya. Ya waiwaya ya ce, "Hajiya, bari dai in kira Yaya mu yi shawara."

Don irin wannan shawarar aka yi rubutun nan. Likita ne ke rubuta magani, amma rabin abin da zai dogara da shi wajen zaɓi yana hannunku: nisan gidanku da ɗakin gwaji, abin da aljihu zai iya ɗauka duk wata, da sauran magungunan da majinyaci ke sha a ɓoye ko a bayyane.

Sunan "tsinka jini" kansa yana ɗan ruɗarwa. Maganin ba ya mayar da jini ruwa-ruwa, ba ya kuma narkar da gudan da ya riga ya daskare. Jinkirta daskarewa yake yi, ya hana sabon guda fitowa, ya hana tsoho girma, jiki kuma ya narkar da shi a hankali da kansa. Masu buƙatarsa galibi kashi huɗu ne. Akwai wanda jini ya daskare a jijiyar ƙafarsa, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ana tsoron gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Akwai mai bugun zuciya mara tsari, wanda haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ninka na sauran mutane kusan sau 5. Akwai wanda aka sa wa bawul ɗin ƙarfe a zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya. Sai wasu daga cikin matan da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, cutar da likitocin Kano, Zariya da Sakkwato suka daɗe da sanin yawanta a ƙasar Hausa.

Asfirin ba ya cikin wannan takara, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin mai araha da zai maye gurbi. Aikinsa daban ne. A mai bugun zuciya mara tsari, wafarin yana rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 2 cikin 3, asfirin kuwa da ƙyar yake rage kashi 1 cikin 5, kuma shi ma yana zubar da jini a ciki.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma shi ne ke rufe wasu ƙofofi tun kafin a zo maganar kuɗi: wace cuta ce ainihi? Na biyu kuɗi, amma na shekara guda har da gwaji da kuɗin mota, ba na kwali ɗaya ba. Na uku sauƙin sha da bibiya. Na huɗu ɗorewa: in an manta ƙwaya ko magani ya yanke, kwana nawa kariyar ke ɗauka kafin ta gushe? Na biyar jikin majinyacin: ƙodarsa, juna biyu ko shayarwa, da sauran magunguna. Na ƙarshe, in jini ya ɓalle, me asibitin da ke kusa da ku zai iya yi?

Wafarin

A jikin kwali warfarin ake rubutawa. Asalinsa abin mamaki ne. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. Wani masanin sinadarai mai suna Karl Paul Link a Jami'ar Wisconsin shi da ɗalibansa suka gano sinadarin da ke jawo hakan. Daga nan aka samar da wafarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince mutane su sha. A 1955 aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ciwon zuciya ya buge shi. Don haka in wani ya ce muku "ai maganin ɓera ne", bai yi ƙarya ba, sai dai an shekara 70 ana ceton rayuka da shi.

Hanta tana buƙatar bitamin K don ta haɗa wasu sinadarai huɗu na daskarar da jini, wafarin kuma hana bitamin ɗin aiki yake yi. Duk halayensa daga nan suka samo asali. Ba ya kamawa nan take, sai ya yi kamar kwana 5, shi ya sa mai gudan jini a ƙafa ake haɗa masa da allura a kwanakin farko. Ba shi da awo ɗaya ga kowa: wani miligiram 2 ya ishe shi, wani sai 10. Hanyar sanin ko awon ya yi daidai ita ce gwajin INR, mai auna jinkirin daskarewar jini. Lafiyayye nasa kusan 1 ne. Yawancin masu shan wafarin ana son nasu tsakanin 2 da 3, wasu masu bawul ɗin ƙarfe kuma 2.5 zuwa 3.5. Ya yi ƙasa, babu kariya. Ya yi sama sosai, jini na iya ɓallewa a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Da farko gwajin kusan duk mako ne, in ya daidaita sai ya koma wata-wata.

A kuɗin ƙwaya babu mai kamo ƙafarsa wajen araha. Amma a lissafa da gaskiya. Wanda ke zaune cikin birni kusa da babban asibiti, gwajin wata-wata ba komai ba ne. Dattijon da sai ya hau babur ya fito titi, ya shiga mota, ya yini a layi, wani lokacin a ce masa ya dawo gobe karɓar sakamako, kuɗin wafarinsa ya haɗa da kuɗin mota da abinci da yinin ɗan rakiya. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ana zuwa wata biyu ko uku, daga nan a daina, a ci gaba da sayen ƙwaya a kemis ana sha. Wannan a ganina shi ne mafi haɗarin duk zaɓin da ke cikin rubutun nan: tuƙi ne da dare ba fitila.

Sai batun abinci. Ganyaye kore irin su alayyafo, kabeji da zogale suna ɗauke da bitamin K. Kuskuren da ake yi shi ne hana majinyaci cin ganye kwata-kwata. Ba a buƙatar haka. Abin da ake so kada a yi ta hawa da sauka: makon nan kullum kwaɗon zogale, mako mai zuwa ko ɗanɗane babu. Damina ta kawo ɗanyen ganye, ko azumi ya sauya tsarin ci, lokacin ƙarin gwaji ne.

Magunguna sun fi abinci tayar da hankali. Flagyl, Septrin, ciprofloxacin da fluconazole, waɗanda ake saye a kemis ba takarda don gudawa ko sanyi, suna ƙara wa wafarin ƙarfi har INR ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki. Rifampicin na cikin maganin tarin fuka kuwa rage masa ƙarfi yake yi sosai, sai an ƙara awo, ranar da aka gama maganin tarin kuma dole a koma a rage. Jiƙe-jiƙen gargajiya ba wanda ya san yadda za su yi da shi.

Wata 'yar aba da ta cancanci lura: kada a gane ƙwaya da launi. A tsarin Ingila wafarin mai ruwan hoda miligiram 5 ne, a tsarin Amurka mai ruwan hoda miligiram 1 ne. Kasuwarmu kuwa daga ko'ina ake shigo da kaya. A karanta lamba.

Inda wafarin ya yi zarra: in an manta ƙwaya ɗaya kariyarsa ba ta gushewa nan da nan, tasirinsa na ɗaukar kwanaki. Makarinsa, wato bitamin K, yana da araha kuma ana samunsa a asibitoci da yawa. Mai shayarwa za ta iya sha. Mai juna biyu kuwa a'a, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, don yana nakasa ɗan tayi.

Sababbin ƙwayoyi

Uku ne aka fi ji: rivaroxaban mai sunan kasuwa Xarelto, apixaban wato Eliquis, da dabigatran wato Pradaxa. Sun shigo ne tsakanin 2008 da 2012, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna. Maimakon bi ta hanyar bitamin K, kowannensu sinadari ɗaya yake kamawa kai tsaye. Suna fara aiki cikin sa'o'i kaɗan, awonsu tsayayye ne, ba gwajin INR, kuma majinyaci ya ci ganyensa yadda ya ga dama. Babbar fa'idarsu, wadda manyan gwaje-gwaje suka nuna, ita ce zubar jini a ƙwaƙwalwa ya ragu da kusan rabi in aka kwatanta da wafarin.

Rashin gwajin INR ba ya nufin sallama da ɗakin gwaji. Ƙoda ce ke fitar da wani kaso nasu, don haka a duba ta kafin a fara, a kuma riƙa dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara, fiye da haka ga tsofaffi da masu ciwon suga.

Matsalarsu kuɗi ne da saurin gushewa, kuma biyun a haɗe suke. Tasirinsu na raguwa da rabi cikin kamar sa'a 12. Wanda ya yi kwana biyu bai sha ba, tamkar bai taɓa sha ba ne. To ga abin da ake gani: 'ya'ya sun haɗa kuɗi sun sayi kwali na farko cikin ɗoki, na biyu da ƙyar, na uku ana jiran albashi. Sai a fara dabara, a raba ƙwaya biyu, ko a sha yau a tsallake gobe. An kashe kuɗi mai yawa, kariyar kuma rabi-rabi. Nau'ikan da kamfanonin Indiya ke yi sun sauko da farashi sosai, kuma babu laifi a sha su in daga amintaccen kanti aka saya mai lambar NAFDAC. A wannan magani jabu ba ya nuna kansa sai ranar da baki ya karkace.

Rivaroxaban sau ɗaya ake sha a rana, miligiram 20 ga yawancin masu bugun zuciya mara tsari, amma dole tare da abinci na sosai, in ba haka ba hanji ba ya tsotse shi duka. Shayi tsura ba abinci ba ne a nan. Mai gudan jini a ƙafa yana farawa da miligiram 15 safe da yamma na kwana 21. Ya fi wafarin jawo zubar jini a hanji ga tsofaffi, kuma mata da yawa suna kukan al'ada ta ƙaru sosai.

Apixaban sau biyu ne a rana, miligiram 5, da abinci ko babu. A cikin ukun shi ya fi sauƙi ga ciki, kuma kusan kashi 27 cikin 100 kawai ke fita ta ƙoda, shi ya sa likitoci ke karkata gare shi ga tsofaffi. Ana rage shi zuwa 2.5 ne in majinyaci ya haɗa biyu cikin uku: shekara 80 ko fiye, nauyin kilo 60 ko ƙasa, ko gwajin ƙoda ya nuna rauni. Rage awo don tsoro ko don kwali ya daɗe ba ya cikin ƙa'ida.

Dabigatran ba zan daɗe a kansa ba. Kashi 80 cikin 100 ta ƙoda yake fita, yana sa ƙwannafi, kuma ba ya jure laima: ba a ɓare shi daga takardarsa a zuba a leda ko 'yar roba. Ga wanda ke ajiye magani a aljihun riga ko ƙarƙashin matashi, bai dace ba.

Sababbin suna da makari na musamman, amma tsadarsa ta sa ba abin da za a sa rai da shi ba ne a yawancin asibitocinmu. Abin da ke taimakawa shi ne maganin kansa yana saurin fita daga jiki. Ba a ba mai juna biyu ko mai shayarwa. Ba sa jituwa da rifampicin, da wasu magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, da wasu na cutar ƙanjamau.

Ga kuma inda sabo ya sha kaye, kuma wurin ya shafe mu ƙwarai. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba a yarinta yana iya lalata bawul ɗin zuciya, cutar da ta kusa ɓacewa a Turai amma har yanzu asibitocin Afirka na cike da masu ita. A 2022 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna INVICTUS, a kan mutum kusan 4,500 masu wannan cuta tare da bugun zuciya mara tsari, a ƙasashe 24 har da Najeriya. An yi zaton rivaroxaban zai yi daidai da wafarin ko ya fi shi. Sai aka tarar waɗanda ke kan wafarin da danginsa sun fi tsira daga mutuwa da shanyewar ɓarin jiki. Tun a 2012 kuma an dakatar da gwajin dabigatran a masu bawul ɗin ƙarfe saboda daskarewa da zubar jini duka sun ƙaru. A waɗannan cututtuka biyu, ko kuna da kuɗin sayen kantin gaba ɗaya, wafarin ne.

Allura

Hefarin da ƙanensa enoxaparin, wanda aka fi sani da Clexane. Na farkon na kwance a asibiti ne. Na biyun ana yinsa a ƙarƙashin fatar ciki, gwargwadon nauyin mutum, sau ɗaya ko biyu a rana, kuma ana koya wa majinyaci ya yi wa kansa a gida. Yana kamawa da sauri, ba ya ratsa mahaifa, ba ya cutar da jariri mai shan nono. Shi ne na masu juna biyu, da kwanakin farko kafin wafarin ya kama, da kewayen tiyata. Na dogon lokaci kuwa ya fi kowa tsada, ciki ya cika da tabon allura, kuma yana taruwa a jikin mai raunin ƙoda. Daga hanjin alade ake samo yawancinsa. Gara a ji wannan daga bakin likita tun farko, a tambayi malami hukuncin larura, da a ji a gari a watsar da magani ana tsakiyar ciki wata bakwai.

| | Wafarin | Rivaroxaban | Apixaban | Clexane |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin magani | mafi araha | mai tsada | mai tsada | mafi tsada in an daɗe |
| Yadda ake sha | sau 1 | sau 1 da abinci | sau 2 | allura sau 1 ko 2 |
| Gwaji | INR a kai a kai | ƙoda jefi-jefi | ƙoda jefi-jefi | ƙoda da ƙwayoyin jini |
| Fara aiki | kamar kwana 5 | sa'o'i | sa'o'i | sa'o'i |
| In ya yanke | yana ɗaukar kwanaki | kariya ta gushe da wuri | kariya ta gushe da wuri | kariya ta gushe da wuri |
| Juna biyu | a'a | a'a | a'a | e |
| Shayarwa | e | a'a | a'a | e |
| Bawul ɗin ƙarfe | e | a'a | a'a | na ɗan lokaci |

Abin da ke ɓallo jini

Sau da yawa ba maganin kaɗai ke jawo zubar jini ba, abin da aka ɗora masa ne. Kan gaba su ne magungunan ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, Feldene, da garin Alabukun mai ɗauke da asfirin. Suna cin bangon ciki, mai tsinkakken jini kuma ƙaramin gyambo ya ishe shi. Farasitamol shi ne na ciwon kai da gaɓoɓi. Na biyu hawan jinin da ba a kula da shi ba, shi ke fasa jijiya a ƙwaƙwalwa. Mai olsa, basir mai jini ko tsargiya ya faɗa wa likita kafin a fara. A kuma yi sallama da wanzami a kan ƙaho, sakiya, tsaga da cire beli. Cire haƙori ma sai an sanar.

Haɓon da ya wuce minti 10 ana matse hanci bai tsaya ba, bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta, aman jini, fitsari ja, matsanancin ciwon kai farat ɗaya, ko faɗuwa daga babur aka bugu a ka ko da ba rauni a waje: duk na asibiti ne a ranar, da kwalin maganin a hannu. Ɗan jini a dasashi wajen asuwaki ba dalilin daina magani ba ne, dalilin zuwa a duba ne. In an manta ƙwaya kuma ba a ninkawa gobe.

Wa ya dace da wanne

Mai bawul ɗin ƙarfe, da mai bawul ɗin da ya tsuke saboda ciwon maƙogwaron yarinta: wafarin, har ƙarshen rayuwa ga na farkon. Aikin iyali a nan shi ne tsara yadda gwajin INR ba zai yanke ba, da littafin da ake rubuta sakamako da awo.

Mai juna biyu: allura. In tana da bawul ɗin ƙarfe, ta ga likitan zuciya tun kafin ta ɗauki cikin, don nata lissafin daban ne. Mai jego da ke shayarwa: wafarin ko allura.

Mai gudan jini a ƙafa bayan tiyata, karaya ko doguwar tafiya, wanda galibi wata 3 zai yi yana sha: nan ne sababbin suka fi biyan kuɗinsu, tunda lokacin ƙididdigagge ne. A lissafa kuɗin wata ukun gaba ɗaya kafin a ɓare kwalin farko.

Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya: wafarin da gwaji akai-akai, ko allura. Mai ƙodar da ta yi rauni sosai: likitan ƙoda ne zai yanke tsakanin wafarin da apixaban.

Mai azumi: rivaroxaban da abincin buɗa-baki ya fi sauƙi, apixaban a raba shi tsakanin sahur da buɗa-baki, wafarin da dare tare da ƙarin gwaji a cikin watan.

Sai Hajiyar da muka bari a benci. In hoton zuciya ya nuna bawul ɗinta lafiya lau, kuma 'ya'yanta sun tabbata za su iya sayen kwali goma sha biyu a shekara ba fashi, apixaban ya fi mata, musamman in gida da nisa. In kuwa kuɗin na yau akwai gobe babu ne, kuma ɗakin gwaji na nan cikin gari, su ɗauki wafarin, a sa ɗaya daga cikin jikoki ya riƙe ranar gwaji a wayarsa.